Takardun da Mahaifina Ya Ɓoye Bai Ƙona Ba

Na tashi a cikin birnin Kano, a gidan da unguwa take yi wa kallon gidan malamai, ko da yake mahaifina tela ne, kuma karatunsa bai wuce saukar Alƙur'ani da 'yan littattafan farko na fiƙihu ba. Abin da ya ja mana wannan suna shi ne labarin da aka rene mu da shi, cewa kakan mahaifinmu malami ne da ya taso daga Barno da almajiransa, ya yada zango a wani ƙauye da ke kudu maso gabashin Kano, ya ga ƙasa mai albarka ya zauna, daga baya ɗansa ya shigo birni. Ban taɓa jin an faɗi garin da ya fito a Barno ba, babu wani ɗan'uwa da ya taɓa zuwar mana daga gabas ko a biki ko a mutuwa, kuma duk gidanmu babu mai jin Barbarci. Amma yaro ba ya bin diddigin irin wannan magana. Abokaina Fulani sukan yi mini wasan Barebari a makaranta, ni ma in rama da ƙarfina, ina ganin haƙƙina ne na gado.

Akwai wani abu da muke yi kowace shekara wanda bai dace da wannan labari ba, sai dai ban lura ba sai da na girma. Bayan ƙaramar Sallah mahaifina yakan ɗauke mu zuwa wancan ƙauye, da goro da riga ɗaya da ya ɗinka da hannunsa, mu sauka a wani gida mai babban zaure. Mahaifina, wanda a unguwarmu shi ake durƙusa wa, yakan tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, in ya shiga ya zauna a ƙasa a gefen tabarma, dattijon gidan kuma ya kira sunansa gatsau, babu Malam babu Alhaji. Matan cikin gida sukan tare mu da murna suna cewa 'ya'yan gida sun zo, a cika mu da fura da dambu, a haɗo mu da dawa da kaza. Da na taɓa tambayarsa yadda muke da mutanen, sai ya ce zumunci ne na iyaye, mun tarar ana yi, kuma bai ƙara komai a kai ba.

Sa'ad da na gama makarantar horon malamai na kama aikin koyarwa, na nemi auren wata yarinya 'yar gidan masu faɗa-a-ji. An karɓe ni, an karɓi kayan na-gani-ina-so, har iyayena maza sun je gaisuwa. Bayan da danginta suka yi binciken da aka saba yi kafin sa rana, sai aka aiko wata tsohuwa ta dawo da kayan, da saƙon cewa Allah bai yi ba. Babu wanda ya faɗi dalili. Abin da ya fi ɗaure mini kai a lokacin shi ne mahaifina bai nemi jin dalilin ba, shi da ba ya barin a taka ɗansa ya yi shiru. Tashi kawai ya yi ya koma shago ya hau keke. Na ɗora laifin a kan talauci da albashin malamin makaranta, na yi baƙin cikina na gama, daga baya Allah ya haɗa ni da uwar 'ya'yana. Na ɗauki shekaru masu yawa ina jin haushin masu kuɗi a kan abin da ba kuɗi ne ya jawo shi ba.

Mahaifina ya rasu bayan doguwar jinya, kuma ni na fi kowa zama a wurinsa, saboda Yaya yana aiki a Abuja. Bayan sadakar arba'in aka zauna ƙididdigar abin da ya bari domin rabon gado, aka ɗora mini fito da kayan ɗakinsa. A ƙarƙashin gado akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da muka sani tun muna yara, muna zaton takardun gida da na shago ne a ciki. Suna ciki kuwa, tare da rasidan haraji da katin zaɓe na jamhuriya ta biyu da wata takarda da ya rubuta ranakun haihuwarmu da boko. Can ƙasa sai na tarar da wani ƙunshi a cikin baƙar leda. Da na kwance ledar sai ga shafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya yi ja saboda tsufa, a cikin jaridar akwai ƙyallen saƙi da aka ɗaure da zare, a cikin ƙyallen kuma akwai ƙaramar gafaka ta fata wadda ta bushe har tana neman karyewa. Takardu uku ne a cikinta, duk da rubutun Larabci irin na allo, tawadar ta koma ruwan ƙasa, gara ta ɗan ci gefen ɗaya. Guda tana da hatimi. Na zaci laƙani ne ko ijazar kakanmu malamin Barno, har na ji wani daɗi ya kama ni a cikin makoki, cewa yau ga shaidar abin da ake faɗa mana.

Larabcina bai kai in karanta rubutun alƙalan da ba, don haka na kai wa wani tsohon malami da ya taɓa aikin muhuti a kotu. Ya ɗaga takarda mai hatimin ya duba a hasken ƙofa, ya karanta a zuci har ƙarshe, ya sake komawa farko, sannan ya tambaye ni ko akwai wanda ya san na zo da ita. Na ce, “Allah ya gafarta Malam, babu kowa.” Ya ce in matso kusa, ya sallami almajirin da ke zaure, sannan ya fassara mini a hankali. Takardar kotun alƙali ce ta shekarar 1331 ta Hijira, wato 1913, zamanin Sarkin Kano Abbas. Tana cewa ya tabbata a gaban alƙali da shaidu cewa wane, bawan wane, Bawarje, wato mutumin Warji, ya cika kuɗin fansar kansa, ya zama ɗa, yana da abin da 'ya'ya Musulmi suke da shi, abin da ke kansu kuma yana kansa, babu mai wata hanya a kansa sai ta walicci, wato dangantakar 'yantacce da wanda ya 'yanta shi. Sunan farko da aka rubuta irin wanda iyayengiji suke laƙaba wa bayi ne, sannan aka biyo da sunan da muka san kakan mahaifinmu da shi. Sunan ubangidan kuwa shi ne sunan da ake kiran gidan nan mai babban zaure da shi har yau.

Ban san yadda na dawo gida ba. Abubuwa uku suka haɗu a kaina lokaci ɗaya: takalmin mahaifina a bakin hanya, tsohuwar da ta dawo da kayan aure, da shirun da ya yi ranar. Masu binciken nan ba su sha wahala ba, ƙauyen kawai suka je suka tambaya, aka faɗa musu abin da kowa ya sani a can, mu kaɗai ne ba mu sani ba. Na yi kwanaki ba na iya barci, abinci ba ya shiga, in na tsaya gaban ɗalibai sai in ji kamar kowa ya gano ni. Na ji kunya, kuma na ji haushin kaina da jin kunyar, domin ni ne mai koyar da yara cewa babu fifiko sai da tsoron Allah. Na ji haushin mahaifina da ya bar ni na girma a kan labarin da ba shi da tushe, sannan in tuna yadda ya rame a gadon asibiti, haushin ya koma tausayi. Matata ta ga na canza ta zaci ciwon rashin ne, na bar ta a haka.

Takarda ta biyu ce ta fara sauya mini tunani, kuma sai da na koma wurin malamin muka bi ta layi-layi. Doguwar takarda ce, in an ɗaga ta a rana ana ganin tambarin jinjirin wata uku a jikinta, irin takardar da ake yi a Italiya fatake su kawo ta Tarabulus su ƙetaro Sahara da ita. Lissafin biya ne. An yanke masa fansa keso goma, kowane keso wuri 20,000, jimla wuri 200,000. Layin farko na shekarar 1325 ne, wato 1907, daga nan kuma ana ta rubutawa da hannu daban-daban da tawada daban-daban: ya kawo kaza, a gaban wane da wane, ya kawo turkuɗi an yi masa kuɗi kaza, ya kawo akuya. Wani layin kuɗin bai kai wuri 2,000 ba. Akwai shekarar da layi ɗaya tak aka rubuta, ban sani ba ko ciwo ya yi ko damina ce ta ƙi. Layuka biyu na ƙarshe da sule aka rubuta su maimakon wuri, kuma su ne mafi girma. Na daɗe ina kallon wannan takarda. Mutum ne da aka kamo yana yaro daga garinsu, aka raba shi da uwa da uba da harshensa, ya shekara shida yana tara kuɗin sayen kansa daga hannun wani mutum, yana kai wa ana rubutawa, kuma da ya gama ya ɗinka wa takardar gafaka.

Daga nan na shiga neman sanin zamanin da ya rayu, domin in gane abin da layukan suke nufi. Na fara da manyan malaman tarihi a jami'a, na je Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, na kuma zauna a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ina duba fayilolin lardin Kano. Abin da na koya bai yi kama da ɗan abin da muke koyarwa a aji ba. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun rufe wurin sayar da bayi a kasuwar Kurmi, sun hana kamu da ciniki, amma ba su saki bayin da ke hannun mutane ba, saboda suna tsoron gonakin sarakuna da attajirai su mutu, su kuma da sarakunan suke son yin mulki. Dokarsu ta ce duk wanda aka haifa bayan ranar 31 ga Maris 1901 ɗa ne, wanda aka haifa kafin nan kuwa sai ya nemi hanyarsa, kuma babbar hanyar ita ce ya je gaban alƙali a yanke masa fansa ya riƙa biya. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Wannan yana nufin lokacin da aka haifi kakana, uban mahaifina, akwai sauran bayi a ƙauyen da aka haife shi, kuma mutanen da suka ga wannan zamani da idonsu sun kai har ƙuruciyata.

Na kuma gane inda sulallan ƙarshe suka fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a kakar 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gyaɗa da farashin da manoma ba su taɓa gani ba, har mutane suka yi ta tururuwa da jakuna zuwa sikeli. Biyan ƙarshe na kakanmu ya faɗo a ranin da ya biyo bayan wannan kaka, kuma ina da yaƙinin gyaɗar gayaunarsa ce ta ƙarasa masa. Shekara guda bayan ya karɓi takardarsa aka shiga yunwar Kakalaba ta 1914, wadda ta kashe mutane masu yawa a ƙasar Kano da arewacinta. Mutumin da ya zuba duk abin da ya mallaka wajen fansar kansa, da me ya tari wannan yunwa, shi da ba shi da rumbun ubangida kuma? Takarda ta uku ta nuna ya tsallake, domin shaidar sayen gona ce da sunansa, bayan wasu shekaru, kuma a cikinta ba a ambaci tsohon sunan ba.

A Kaduna na ga rajistar 'yantattun bayi da kotuna suke aika wa Razdan: suna, shekaru, ƙabila, yadda aka 'yanta mutum, da inda ya nufa. Sunan kakanmu bai fito a cikin waɗanda na duba ba, amma na ga shafi bayan shafi na mutane irinsa, Warjawa da Gwarawa da mutanen Adamawa da na Bagarmi, mata sun fi yawa, da dama daga cikinsu wani namiji ne ya biya fansarsu domin ya aure su. Ina zaune a ɗakin karatun nan na yi wani lissafi da ya rage mini nauyi a ƙirji. Waɗannan mutane duk sun haihu, 'ya'yansu sun haihu, jikokinsu suna nan a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai, wasu masu mulki. Amma in ka zagaya gidajen birni kana tambayar asali, kowa daga Barno ya zo, ko daga Malle, ko Agadas, ko sharifi ne daga gabas. Ban taɓa jin gidan da ya ce kakansa daga rinji, wato ƙauyen bayi, ya fito ba. Ashe labarin malamin Barno riga ce da gidaje da yawa suka ɗinka wa kansu, kuma ban ga laifin wanda ya fara ɗinka tamu ba, domin ya san garin da yake son 'ya'yansa su yi aure a ciki.

Wahalar da ta fi ta binciken ita ce ta cikin gida. Da na kira Yaya na nuna masa, bai bari na gama ba ya ce in kawo ashana. Ya ce garin tone-tone kaza take tono wuƙar yanka ta, yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, ni ma ina da su, kuma babu wanda ya aike ni. Na ce, “Yaya, dubi yadda aka naɗe ta.” Gafakar ta mai takardar ce. Ƙyallen saƙin na ɗansa ne. Shafin jaridar kuwa akwai tallan kaya da farashin naira a jikinsa, naira kuma ba ta zo ba sai 1973, lokacin da uban mahaifinmu ya riga ya rasu, don haka Baba ne ya naɗe ta da jarida, shi ne kuma ya ƙara leda daga baya. Mutum uku suka riƙe wannan takarda, kowannensu yana da murhu a gidansa, kowannensu ya san abin da za ta jawo in ta fito, amma kowanne sai ya ƙara mata mayafi ya mayar. Na ce ban ga yadda za a yi mu zama mu ne masu ƙona ta ba. Yaya ya tashi ya fita, kuma mun daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba na ganin tsoronsa wauta ne. A kan mumbari kowa yana ambaton Bilal da Zaidu ɗan Harisa, amma ranar da aka zo neman aure, tambayar da ake aikawa ƙauye a yi daban ce, kuma ni na ɗanɗana amsarta.

Wadda na fi jin tsoron tunkara ita ce Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga mai takardar da rai. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini. Na je da niyyar in bi ta a hankali, sai ta riga ni. Ta ce, “Babana, ka buɗe adakar ke nan.” Ta yi kuka, ta ce an yi musu kashedi tun suna yara, kuma ta zaci da ita za a binne maganar. Daga nan sai ta saki baki, kamar wadda ta gaji da riƙo. Ta ce dogo ne, baƙi, mai ƙarancin magana, ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya ci, kuma har ya tsufa ba ya yarda yaro ya je bayan gari shi kaɗai da yamma. Ya gaya wa mahaifinta cewa suna tsaron gona ne shi da ƙanwarsa mahaya suka zo, an haɗa su a igiya ɗaya har zuwa wani gari, a nan aka raba su, bai sake ganinta ba. Ta ce yana sallah, yana azumi, ya yi karatun allo da girmansa har ana ce masa Malam, wanda ina jin daga nan rabin labarinmu ya samo tushe. Amma in yana awon hatsi, da wani harshe yake ƙirga, su kuma jikoki su riƙa kwaikwayonsa suna dariya. Na tambaye ta ko tana tuna ƙirgar. Ta rufe ido ta jero ta har biyar, na ɗauka a waya.

Na koma gidan mai babban zaure, wannan karon ni kaɗai, kuma na yi shawara da kaina a hanya cewa zan tuɓe takalmi a bakin zaure kamar yadda ake yi wa kowane dattijo, in zauna a kan tabarma. Magajin gidan na yanzu sa'an mahaifina ne. Ya karɓe ni da fara'a, ya yi mini ta'aziyya, da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ce, “Ai ku namu ne, ba mu taɓa ɗaukarku bare ba.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, na kuma amsa da ladabi, amma maganar ta soke ni, domin namu ɗin tana da fuska biyu kuma shi ɗaya kawai yake gani. Malamin da ya karanta mini takardar ya riga ya bayyana mini cewa waliccin da aka ambata dangantaka ce da shari'a ta tabbatar tsakanin 'yantacce da gidan da ya 'yanta shi, tana bin zuriya, ita ce asalin rigar da mahaifina yake ɗinkawa kowace Sallah. Dattijon ya sa aka zagaya da ni inda rinjin yake a da, yanzu gonar masara ce, sai wata tsohuwar rijiya da kukoki. Ya ce yadda ya ji daga manya, bayin gandu sukan yi wa ubangida aiki daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin nasu ne su je gayaunarsu, da rani kuma kakanmu saƙa yake yi. Ke nan wuri 200,000 ɗin nan daga aikin bayan azahar ya fito, bayan ya riga ya ba wani ƙarfinsa na safe.

Tafiyar da na fi jinkirtawa ita ce ta Warji, a jihar Bauchi ta yanzu. Na bi ta Wudil da Birnin Kudu na gangara yankin duwatsun Ningi, inda aka shafe rabin ƙarni na 19 ana kai hari ana ramawa tsakanin Kano da Ningawa, tun bayan da wasu malamai suka bar Tsakuwa a kan rikicin haraji suka kafa zama a can. Ƙananan ƙabilun da ke tsakani su suka fi shan wuya, domin kowane ɓangare yana iya kwashe su. Wani malamin makaranta ɗan garin ya kai ni wurin tsofaffi. Ba ni da sunan kakanmu na yare, ba ni da sunan ƙauyensu ko na ubansa, saboda haka babu wanda zai iya ce mini ga gidanku. Na kunna musu muryar Gwaggo. Suka sa na maimaita, suka dubi juna, sai wani tsoho ya fashe da dariya ya ce bakin ya karye ƙwarai, amma uku daga cikin biyar ɗin nasu ne, ya kuma faɗe su yadda suke daidai, sauran suka karɓa suka ci gaba har goma. Na yi ƙoƙarin riƙe kaina ban iya ba. Suka ce kusan kowane gida a wurinsu yana da labarin wanda mahaya suka tafi da shi, sai dai ba su saba ganin wani ya dawo tambaya ba. Aka kawo mini ruwa da abinci, aka ce in gaida Gwaggo.

Shawarar da ta fi yi mini nauyi ta zo ne da aka fara neman auren babbar 'yata. Na riga na gaya wa matata da 'ya'yana komai, na shimfiɗa musu takardun a tabarma na karanta musu lissafin layi-layi. Ƙaramin ya tambaye ni ko keso goma kuɗi ne mai yawa, babbar kuwa ta yi shiru, na san abin da take tunani. Na yanke cewa ba zan jira a je ƙauye a jiyo ba. Da baffan yaron ya zo gaisuwa, na keɓe da shi na ce, “Alhaji, kafin ku aika bincike, ga abin da za a gaya muku, gara ku ji daga bakina.” Ya saurara har na gama, ya ce zai kai maganar gida. Makonnin da suka biyo baya sun yi mini tsawo, 'yata ta daina cin abinci sosai, Yaya ya aiko a gaya mini cewa ga irin abin da yake gudu. Daga baya suka dawo suka sa rana. Na samu labarin cewa ba duka danginsu ne suka so ba, akwai wata gwaggon angon da ba ta zo bikin ba, kuma har yanzu 'yata takan ji habaici jefi-jefi a taron mata. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin abin da na yi, ta ce gara da aka shiga da shi a fili, domin yanzu babu mai riƙe da wani abu da zai tsorata ta da shi.

Gwaggo ta rasu bara. Kafin rasuwarta ta sa an kira Yaya, ban san abin da ta gaya masa ba, amma bayan an yi bakwai ya ce in tura masa hoton takardun a waya, da sharaɗin kada in sa sunan gidanmu a duk abin da zan rubuta, kuma na cika masa wannan sharaɗi a nan. 'Ya'yansa ba su sani ba har yanzu, na bar masa wannan a hannunsa. Takardun suna wurina, na ɗauki hotonsu, na raba su da ledar saboda tana tara gumi, na shimfiɗa kowace a tsakanin farar takarda a cikin akwatin da gara ba ta shiga. Rigar Sallah kuwa na daina kaiwa, amma ina zuwa gaisuwa in an yi musu rasuwa ko haihuwa, su ma sun zo bikin 'yata.

A bayan takardar lissafin akwai wasu layuka huɗu da malamin ya gano daga baya, da wata tawada dabam, an fara sabon lissafi da sunan mace, an yanke keso goma sha biyu, an biya kaɗan, sai rubutun ya tsaya. Gwaggo ta tabbatar mini sunan kakarsu ne, matar mai takardar, wadda ta rasu tun kafin a haife ta. Takardar 'yancinta ba ta cikin gafakar. Wani ma'aikaci a Kaduna ya nuna mini jerin fayilolin shekarun 1914 zuwa 1918 da ban kai ga dubawa ba, kuma na nemi hutu a makaranta domin in koma in bi su in an gama jarrabawar zango.